Sakin Sitiyari a Hanyar Gwaram

Jiya na karɓo tsohuwar Fijon Baba daga gareji a Birnin Kudu. An sake mata fenti, an ɗaure sitiyarin da ke lako-lako, an saita tayoyin gaba. Inna ta ce ita za ta fara shiga, in kai ta Gwaram. Tun da muka hau kwalta nake ƙanƙame da sitiyari, ko dutse taya ta taka sai in rage gudu.

Baba, Allah ya jiƙansa, bai taɓa yarda da saitin gareji ba. Sai ya kai mota miƙaƙƙiyar hanya, ya saki sitiyari, ya ɗora hannuwa a cinya. Ranar da ya fara yi ina ciki, warin giris da na tsohuwar kujera ya cika mini hanci, na ƙanƙame ƙofa ina salati. Ya ce, "Gyaran da ba za ka iya sakar masa hannu ba, ba gyara ba ne."

Da hanya ta miƙe, ba mota gaba ba baya, Inna ta dube ni. "Saki mana, ɗan nan."

"Inna, in ta ja mu rami fa?"

"Babanka ko shawara bai taɓa yi da ni ba, ga ni kuwa da raina."

Na yi bisimilla na saki. Motar ta tafi ɗoɗar. Inna ta juya wajen taga tana share ido da gefen mayafi.

Allah ya haskaka kabarinsa, ya sa ya ƙetare siraɗi haka, ba karkata dama, ba karkata hagu.