Tambarin da Iska Ta Ɗauka

Ina aji uku a jami'a aka zaɓe ni shugabar ƙungiyar muhawara, ba don na fi kowa iya magana ba, sai don na fi kowa rashin haƙuri. A lokacin soja bai daɗe da komawa bariki ba, bakin kowa ya buɗe, ga shi ana ta maganar ƙaddamar da Shari'a a Kano. Ko motar haya ka shiga muhawara ake yi, ba sai da ƙungiya ba. Mu kuwa abin da ya dame mu riga ce. An gayyace mu gasa a wata jami'a, kuma a zuwanmu na baya kowace tawaga ta shigo da riguna iri ɗaya masu tambarin makarantarta, mu muka shiga kamar 'yan rakiyar amarya, kowa da launinsa. Na rantse ba za a sake yi mana wannan dariyar ba.

Na tafi ofishin kula da harkokin ɗalibai neman izini. Jami'in da na tarar mutum ne mai sanyin murya, irin wanda ko ka yi masa tsawa ba zai ɗaga gira ba. Ya ce tambarin jami'a ba na ɗalibai ba ne, aronsa ake ba su. Ba a canza masa launi, ba a matse shi, ba a ƙara masa komai, ba a kuma rage masa komai. Duk ƙungiyar da ta taɓa shi za a soke ta.

To, tambarin namu akwai rubutun Larabci a samansa, guntuwar aya ce ta roƙon ƙarin ilimi. Na ce, "Malam, riga ce fa. Za a yi gumi a cikinta, wani ma ya manta ya shiga banɗaki da ita. Mu cire ayar mana, mu bar sauran."

Ya ce, "Ko ku sa shi gaba ɗaya, ko ku bar shi gaba ɗaya. In kun cire wani abu, jabu kuka yi."

Na fito raina a ɓace. A taronmu aka yi ta ja-in-ja, daga ƙarshe maza suka yi alkawarin tuɓe rigar kafin su kewaya, mu mata kuma aka ce ai hijabi zai rufe tamu, ba wanda zai ma san mun sa. Na ce duk da haka a buga.

Ban sha wahalar neman mai bugawa ba, domin a gidanmu yake. Gidan namu a Nassarawa G.R.A. yake, tsohon ginin Turawa ne mai faɗin fili, da jerin ɗakuna a baya waɗanda aka gina don kuku da boyi. A biyu daga cikinsu wani malamin zane yake zaune, Kirista ne daga kudancin Zariya, yana koyarwa a wata firamare a Tudun Wada. Tun ina ƙarama ya zo gidan yana saurayi, a gabanmu ya yi aure, a gabanmu aka haifa masa 'ya. Idan ya taso daga makaranta sai ya shiga buga riguna da tutoci a barandarsa. Malam muke ce masa, shi kuma yana ce mini ƙanwata. Ranar Kirsimeti Baba maigadi ne yake yanka musu kaji, don kawai mu ma mu iya cin abin da matarsa za ta aiko.

Sai dai shekarar ta zo da wani abu daban. Labaran da suke fitowa daga Kaduna ba su da daɗin ji, kuma dangin matarsa sun yi ta aiko musu da saƙo su tattara su dawo gida. Na lura ran Lahadi ya daina riƙe littafinsa na coci a hannu, sai ya sa shi a baƙar leda. Mahaifina, Alhaji, ya kira shi har falo ya ce masa muddin yana numfashi ba wanda zai taɓa shi a gidan nan. A kan wannan maganar Malam ya zauna.

Da na kai masa hoton tambarin na gaya masa rubutun nan aya ce. Ya ajiye abin da ke hannunsa, ya goge yatsunsa a jikin wando, ya daɗe yana kallon takardar.

"Ƙanwata, a wannan lokacin? Ba za a iya barin wannan wurin ba?"

Na ce ba za a iya ba, doka ce, na riga na gwada.

Ya karɓi aikin, kuma ya kula iyakar kulawa. Abin bugun nasa firam ne na katako da aka ɗame wa ƙyalle mai shara-shara, shi yana ce masa rariya. A jikin ƙyallen ake fitar da zanen, a ɗora a kan riga, a ja fenti da roba, zanen ya sauka. Da, a bakin famfo yake wanke rariyarsa, ruwan ya bi kwata. A wannan aikin sai ya je ya tambayi mahaifiyata, Hajiya, ta ce ya wanke a sabuwar roba ya zuba ruwan a gindin mangwaro, haka kuwa ya yi. Amma duk mai bugun riga, kafin ya taɓa rigar mutane, sai ya gwada a kan tsumma ya ga ko fentin ya yi kauri ko ya tsinke. Malam ya yi gwajinsa a kan guntayen tsofaffin riguna, ya tara su a kwali a kan benci, da niyyar idan sun bushe ya ba Baba maigadi ya ƙone.

Ran wata Asabar da rana hadarin farkon damina ya taso. Alhaji ya tafi Katsina ta'aziyya tare da direbanmu. Iska ta fara zuwa da ƙarfi, irin wadda take kwashe shanya ta kai maƙwabta, sannan ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya. Bai daɗe ba ya ɗauke. Ina ɗaki ina jin ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa sai na ji hayaniya a bakin get, na ɗauka mota ce ta maƙale a taɓo.

Baba maigadi ne ya shigo da gudu, tsoho ɗan Jigawa da ban taɓa ganin ya yi sauri ba. Ko sallama bai yi ba. Ya ce, "Hajiya, an tsinci aya a kwata. Mutane sun taru, na dai rufe ƙofa."

Na leƙa baya na ga bencin a kife, kwalin ya tafi can gindin katanga, babu komai a cikinsa. Malam yana tsaye a barandarsa yana kallon kwalin, hannayensa a sake, matarsa a bayansa ta rungume yarinyar. Leɓɓansa ne kawai suke motsi.

Hajiya ba mace ce mai yawan magana ba, ni ce na ɗauko bakin dangin Alhaji. Ta dubi Malam ta ce ya kwashi iyalinsa su shiga ɗakinta, su kulle ta ciki. Ɗakin nan ko ƙannen Alhaji ba su taɓa taka shi ba. Malam ya tsaya yana inda-inda a bakin ƙofa, har yana ƙoƙarin cire takalmi, ta daka masa tsawa ya shige. Ta yafa mayafi, ta kama wuyan hannuna, muka nufi get.

A ƙofar gidanmu akwai dalbejiya, a ƙarƙashinta akwai rumfar mai shayi inda direbobi da masu gadin layin suke zama. Waɗannan duk sun san Malam, wasunsu ma shi ya rubuta musu addu'a a bayan mota. Amma ruwa ya tsare 'yan acaɓa da yawa a rumfar, mutanen da ba su san kowa a layin ba, kuma duk mai wucewa sai ya tsaya ya tambayi abin da ya faru. Direban gidan da ke kusa da mu ne yake riƙe da tsumman a tafin hannunsa biyu, ya yi baƙi da ruwan kwata, amma rubutun yana nan raɗau. Idanunsa sun yi ja, kuma na san ba na ƙarya ba ne. Ni ma da na ga abin sai da na kau da kai.

Wani dogon ɗan acaɓa ya ce, "An ce wanda ya yi yana cikin gidan nan. A fito mana da shi."

Ni da nake taƙama da iya muhawara sai na buɗe baki. Na ce tambarin jami'a ne, ni na ba da aikin, kuma dokar jami'a ce ta hana a cire rubutun. Kafin in rufe baki wani daga baya ya ce, "Au, dokar jami'a ta fi ta Allah ke nan?" Wurin ya ɗauki guna-guni, aka matso. Wani ya buga ƙarfen get da tafin hannu. Hajiya ta matse mini hannu har sai da na ji ƙashi, na yi shiru.

Ta miƙa hannu biyu ta karɓi tsumman daga wurin direban, ta yi bisimilla, ta naɗe shi a gefen mayafinta, mayafin da ta sayo a Makka. Sannan ta ce masa, "Kai ɗan nan, guda nawa kuka tsinta?"

Ya ce, "Ɗaya ne, Hajiya."

"To, kwali guda ne iska ta kwashe. Sauran suna can cikin ƙazanta, mu muna nan muna surutu. Duk mai kishin ayar nan ya naɗe wandonsa ya bi kwatar nan, daga nan har kwana."

Dogon ya ce, "Hajiya, ba wannan muka tambaya ba."

Ta dube shi daga sama har ƙasa. Ta ce, "Aikin na 'yata ne, ga ta. Gidan na mijina ne, ga ni. Iskar kuma ta Allah ce. Wanne zan fito maka da shi?"

Bai matsa daga inda yake ba. Mai shayi ne ya fara cire silifas ya shiga kwatar, direban ya bi shi, sai masu gadi. Da 'yan acaɓa suka ga haka wasu suka jingine baburansu suka shiga, domin ba wanda yake so a ce shi ya tsaya yana kallo. Suka yi ta lalube da hannu a cikin ruwan, duk wanda ya samu sai ya ɗago ya kawo wa Hajiya. Wani har saman katanga ya hau ya ciro ɗaya da ya maƙale a waya.

Ba za su ƙonu ba tunda a jiƙe suke. Hajiya ta sa Baba maigadi ya shigo da mutum kaɗan daga cikin waɗanda ta sani, aka ɗauraye tsummokin da ruwa mai tsabta, aka haƙa rami a gindin lemo inda ba a takawa, aka binne. Ana cikin haka aka kira sallar La'asar, taron ya fara raguwa. Dogon shi ne na ƙarshe. Ya tayar da babur ɗinsa, ya tsaya yana kallon get ɗinmu kamar mai haddace shi, sannan ya tafi a hankali.

Da muka buɗe ɗakin Hajiya mun same su a ƙasa, a tsakanin gado da bango. Matar ta toshe wa yarinyar baki da tafin hannu har shatin yatsu ya fito a kumatunta.

Rigunan sun riga sun gama bushewa a ɗaki, ba abin da ya same su. Na kai guda ofis, jami'in ya juya ta ya duba, ya ce tambarin ya fito daidai, ya yaba wa wanda ya buga. Na ji kamar in shaƙe shi, alhali ba abin da ya yi mini.

Alhaji ya dawo ya ji labari, ya sake kiran Malam falo ya yi ta ba shi baki. Direban maƙwabta ma ya zo da kansa ya ce a yafe masa, shi bai san abin zai kai haka ba. Malam yana ta cewa ba komai. Amma ya daina fita sai dole, kuma duk babur ɗin da ya rage gudu a ƙofar gida sai matarsa ta suri yarinyar ta shige ɗaki. Dogon bai dawo ba, ko kuma ya dawo ba mu gan shi ba, wannan ne abin da ya hana su barci. Da aka yi hutun makaranta Malam ya samo akori-kura.

Da hantsi aka gama ɗaure kaya. Hajiya ta ƙi fitowa, tana ɗaki tana kuka. Ina tsaye a gindin mangwaro ya zo wurina riƙe da wani abu mai faɗi, an naɗe shi da sabon farin yadi. Rariyar ce.

Na ce, "Malam, ai kayan sana'arka ne."

Ya ce, "Rubutun yana jiki, ya kama, ba ya fita duka. In na tafi da ita aka tare mu a hanya aka buɗe kaya, me zan ce? In na bar ta a ɗaki, an ce na yar. In na ƙona, an ga hayaƙi an ce na ƙona aya." Ya miƙo mini da hannu biyu. "A hannunki ba laifi ba ne, ƙanwata."

Na karɓa. Ya shiga gaban motar kusa da matarsa, Baba maigadi ya leƙa titi hagu da dama tukuna, sannan ya buɗe musu get.