Ɗorawar da Na Goge

Akwai wata ranar kasuwar Ƙanƙara da har gobe ba ta fita a raina ba, kuma tun da kun ce in ba ku labari kafin in ajiye aiki, ita zan ba ku.

Lokacin kuɗin mai ya shigo ƙasa, kowane ofis yana sayen injuna kamar ana rabon goro. Ina ƙaramin mai zane a sashen wayar da kan manoma, shekarata uku ina jiran a ɗaga ni zuwa mataimakin babban mai zane. Takardar tana kan teburin shugabanmu, Alhaji Lawal, sa hannu kawai ya rage. Ana cikin haka ya ba ni aikin fostar tallan tarakta, ya haɗa ni da wani hoto da aka ɗauko a wata babbar gona wajen Mairuwa. Na zauna na zana: tarakta ja, fili shimfiɗe har gindin dutse, ba gamba, ba kututture, sai ɗorawa guda mai reshe a karkace. Na bar ta don ta yi wa zanen kyau.

Ƙa'idar aikinmu ita ce ba a kai zane maɗaba'a sai an gwada shi. Ka je kasuwa, ka nuna wa waɗanda ba su karatun boko, ka tambaye su abin da suka gani, ka rubuta, bakinka alaikum. Na hau babur na tafi, ina jin kaina gwani.

A rumfar masu hatsi mutane suka taru suna yaba tarakta. Sai wani dattijo da ke ɗinkin buhu, Baba Audu, ya karɓi takardar ya daɗe yana dubawa.

"Malam, wagga ɗorawa tawa ce," in ji shi.

Na yi dariya na ce zane ne kawai, Baba.

"Zanen mi? Ga dutsen, ga reshen da iska ta karya. Nan gonata take. Nan ta Malam Iro, nan ta 'ya'yan Hassan. Mu bakwai ne. Da gamba muka yi iyaka."

Yana magana yana jan yatsa a kan filin da na shafe da launi ɗaya. Ya ce wani ɗan kwangila ne ya saye gonakin ɗaya bayan ɗaya, don tarakta ba ta juyawa a ƙaramar gona. Katafila ta kwashe gamba da itatuwa, ta bar ɗorawar don direbobi su sha inuwa. Biyar cikinsu sun tafi birni leburanci.

"Kai ka zana inji shina noma. Ina mutanen?"

Na karɓi takardata na hau babur. Da na koma na sake wani zanen. Tarakta tana nan yadda take, amma na ja ɗigo-ɗigo a inda tsofaffin iyakoki suke, gona bakwai, na sa mutane a bakin hanya da ƙunshin kaya suna jiran mota. A ƙasa na rubuta da boko da ajami: Gonar mutum nawa ce? Ban taɓa yin aikin da ya kai shi ba.

Na kai wa Alhaji Lawal duka biyun tare da rahoton gwaji. Bai yi faɗa ba, mutum ne mai sanyin magana.

"An ɗauke ka ka tallata tarakta ne, ko ka yi mata shari'a?"

Na ce ranka ya daɗe, abin da manoma suka gani ke nan.

"Abin da mutum ɗaya ya gani, saboda itace ɗaya. Goge ɗorawar, babu wanda zai sake gane gonarsa." Ya ɗora hannu a kan takardar ƙarin girmana.

Zan so in ce muku na ƙi. Ban ƙi ba. Na sa farin fenti na rufe ɗorawar a zanen farko, na bi da launin sama, cikin minti kaɗan. Aka buga fosta, aka manna ta daga Ƙanƙara zuwa Faskari har Sabuwa. Ƙarin girma ya fito kafin damina ta sauka.

Bayan kaka na koma kasuwar nan da wani gwajin. Ga fostata a jikin bangon rumfar hatsi, ga Baba Audu a ƙarƙashinta da allurarsa. Na so in zame, ya riga ya gan ni. Muka gaisa, ya tambayi iyali, sannan ya ɗaga kai ya dubi bangon.

"Katafila ma ta bar mani ita, Malam. Kai ka sare ta."

Kunyar da na ji ranar ba ta sake ni ba har yau. Zane na biyu yana nan a durowata, shi nake fara nuna wa duk sabon ma'aikaci. Abin da na koya shi ne manomi ya fi mu iya karanta hoto: mu muna duba abin da muka sa, shi yana duba abin da muka cire. Ku yanzu ko fenti ba ku buƙata, maɓalli ɗaya ne a kwamfuta. Kafin ku danna shi, ku tambaya ɗorawar ta wane ce.