Gaisuwar Sarki Zuwa Madawa

Ku matso, jikokina, ku ara mini kunnuwanku. Shekarar da fara ta cinye Adar, har irin shuka muka daka muka sha. Damina ta kusa, babu abin sa wa ƙasa. Sai Sarkinmu ya sa aka rubuta takarda zuwa ga wani attajiri a Madawa, Alhaji Ɗan-Jimma. Mijina Abarshi ne manzo, ni kuwa na bi shi don in riƙe masa ruwa da guzuri.

Keita zuwa Allakaye

Kafin kiran assalatu muka ɗaure wa jaki kaya. Hanya duk dutse. Da la'asar muka sauka Allakaye gidan wata Bafulatana, ta dama mana fura mai ruwa-ruwa, tana ba mu haƙuri. Da dare na ga Abarshi yana ɗingishi. Kurkunu ne ya fito masa a idon sawu.

Buza

Da hantsi wani gardi mai tsaron hanya ya tare mu bakin gari, yana neman shaidar biyan haraji.

"Ina takardar lanho?"

Abarshi ya nuna masa hatimin Sarki.

"To, ku wuce. Amma ƙahwar ga taka ba ta kai ka Madawa, baba."

Gaskiya ya faɗa. Da safe ƙafar ta kumbura kamar tulu. Abarshi ya miƙo mini takardar cikin kubenta na fata.

"Ki tahi, ɗiyar mutane. Amma kar bakinki shi ce yunwa, kar shi ce rance. Manya ba su roƙon juna. In an tambaye ki, ki ce lahiya lau."

Na bar shi hannun wani wanzami, na bi ayarin Buzaye masu gishiri.

Madawa

Mun shiga da azahar. Na durƙusa bakin zaure, malamin Alhaji ya buɗe takardar yana karantawa. Gaisuwa, da fatan alheri, da tambayar iyali, da dawakai, da ciwon gwiwar Alhaji. Ina jira in ji hatsi. Malam ya naɗe takarda. Ashe shi ke nan!

Alhaji ya dube ni. "Yarinya, ina gida?"

"Lahiya lau, Baba."

"Gari duka?"

"Lahiya lau."

Aka kai ni cikin gida. Mata na sussuka, ƙwayar gero tana tsalle tana faɗuwa ƙasa, kaji na bi. Ban san lokacin da na duƙa ina tsincewa ina ƙullewa a bakin zanena ba. Uwargida Hajiya Tabawa ta gani. Sai ta ɗora hannunta bisa kaina, ta daɗe, sannan ta nufi turakar mijinta.

Washegari na iske raƙuma durƙushe da taiki-taikin gero, da takardar amsa.

Komawa

A Buza na ɗauki Abarshi, an ciro masa kurkunun. Muka isa Keita hadari na haɗuwa gabas. Aka karanta amsar gaban jama'a. Bayan doguwar gaisuwa, Alhaji ya ce rumbunansa sun cika, gero na neman lalacewa. Yana roƙon Sarki ya taimake shi, ya ajiye masa shi cikin ƙasa, a gonakin talakawansa.

Sarki ya ja rawani ya rufe fuska. Da ya buɗe ya ce, "A rubuta mishi, mun yarda mu taimaka."

Ranar da ruwa ya sauka muka shuka, mun gode Allah, mun gode mutanen Madawa.

Da kaka gero ya koma Madawa, aka ce ajiya ce ta dawo. Sarki da Alhaji sun ci gaba da gaisawa a takarda har suka rasu, ba su taɓa ganin juna ba. Abarshi ya yi ɗingishi har kabari. Hajiya Tabawa ta rasu ban sake ganinta ba, ita na mayar wa suna da na haifi uwarku. Ni kuwa ga ni, Allah bai kira ba tukuna. Ku tashi ku yi wa Hajiya Tabawa addu'a.