Dabinon da Na Kai wa Sarkin Himeji

Mun tashi da asuba daga Osaka, ni da maigidana, attajirin yadin kasuwar Bab Makka ta Jidda da ya ɗauko ni riƙon jaka, sai tafintanmu. An gama cinikin yadi, aka ce yau za a kai mu gidan sarki a Himeji. Ni kuwa tun a Jidda na cika wa 'yan majalisarmu baki cewa sai na gaisa da sarkin Japan, don haka na rungumo kwalin dabinon Madina. Wa ke zuwa fada hannu rabbana?

Jirgin ƙasansu gudu yake kamar an biyo shi, kafin in gyara zama mun iso. A tasha aka ba mu shinkafa ba mai ba miya, da tsinke biyu wai cokali. Na sa hannuna, halas, shi ke nan.

Gidan na kan tudu, fari fat, rufi bisa rufi kamar tsuntsu zai tashi, ga siffofin kifaye a ƙololuwa wai maganin gobara. Ina ganinsa ƙiri-ƙiri, amma hanya ta ƙi kai ni. Ka nufe shi, ta karkata da kai baya. Ka wuce ƙofa, ka tarar da wata da sai ka duƙa. Tafinta ya ce da gangan aka yi, don mahara su rikice ana harbinsu ta ramukan bango. Na ce, “Ya shekh, to baƙi fa?”

Aka sa muka cire takalma. Ciki katako ne zalla, matakala a tsaye kamar tsani. Ba dogari, ba shimfiɗa, ko ƙamshin girki babu. Maigida na ta “yalla, yalla”, wai in yi sauri, ni ina haki da kwali. A can ƙoli sai iska da wani tsoho mai gadi.

Na ce ina sarkin? Tafinta ya yi dariya har da hawaye. Wai sarautar gidan nan ta ƙare tun zamanin kaka da kakanni, kuma ko a da ba nan sarakunan suke kwana ba, hasumiyar yaƙi ce.

Na miƙa wa tsohon dabinon. Ya sunkuya, na sunkuya, ya ƙara, na ƙara, har bayana ya ƙage.

Da muka dawo Jidda majalisa ta tsare ni. Na ce sarki ya ɗan fita, amma wakilinsa ya karɓa, ya rusuna min har ƙasa. Har yau ban gane amfanin gidan da ba a kwana a ciki ba. Abu ɗaya na koyo: kafin in sake hawa tudu da kaya, sai na tambaya ko mai gidan na nan.