Yaron da Ya Ciyar da Gidan Gwaggo

Shekarar da mutanen ƙauyuka suka yi ta kwararowa Shinkafi, ina cikin matan da ke aikin sa kai na neman yara masu tamowa. An ba kowace mace 'yar igiyar roba mai launi uku, muna bi gida-gida muna ɗaura ta a damtsen yara. In ta tsaya a kore, lafiya lau. In ruwan ɗorawa ne, a sa ido. In ta faɗa ja, sai mu tura uwar asibiti, a riƙa ba ta madarar tamowa duk mako, wata aba kamar tunkuza mai zaƙi a cikin 'yan ledoji, har yaro ya murmure.

Gwaggona, ƙanwar mahaifina, tana cikin waɗanda suka gudo daga wani ƙauye bayan Galadi. 'Yan bindiga sun kashe 'ya'yanta maza biyu a gona, suka cinna wa rumbuna wuta. Ta iso da tarin jikoki da surukarta ɗaya, matar ƙaramin, tana takaba, tana goye da ɗa namiji. Wani bawan Allah ya ba su aron kango a bayan gari. Gidanmu cike yake da dangin maigidana da su ma suka gudo, ba inda zan sa su. Tiyar gero nakan kai musu in ta samu.

Ni na auna yaron. Ya wuce shekara amma ko zama ba ya yi, gashinsa ya yi ja, fatar cinyarsa ta saki kamar ta tsoho. Igiyar ta shige ja sosai. Washegari na raka uwar asibiti, ta dawo da ledojin madara ƙulle a bakin mayafi.

Tun makon farko Gwaggo ta raba su biyu. Rabi na yaro, rabi ta kai wa wani mai shago da ke saye a ɓoye, ta auno dawa. Na sani, ban kuma yi mamaki ba, don gidaje da yawa haka suke yi. Duk da haka yaron ya karɓi ɗan abin da ya samu. Ya fara zama, ya fara jan mayafina in na durƙusa auna shi. Wata rana malamar asibiti ta ce wa uwar in ya ci gaba haka, ba da daɗewa ba za a sallame shi.

Uwar ta dawo da murna, ta faɗa a gabana. Gwaggo tana tsinkar tafasa a faifai. Ta ɗago kai.

"A sallame shi? To mu ci mi?"

Daga ranar ledojin suka koma hannunta. Ta ɗaure su a ƙugunta cikin zani, sai ta ga dama take fito da ɗaya, ta matsa wa yaron rabi a baki ta naɗe sauran. Nonon uwar kuwa ya daɗe da ƙafewa. Yana kuka, uwar tana jijjiga shi tana kallon bango.

Da na ga awon ya koma baya, na same ta a bakin murhu.

"Gwaggo, wannan fa magani ne, ba abincin gida ba. Kashe shi za ki yi."

"Ɗan ɗana ne, ba ki fi ni son shi ba," in ji ta, ko ɗaga murya ba ta yi ba. Ta nuna sauran jikokin da ke zaune jikin bango. "Waɗanga ba ɗiyan mutane ba ne? Ke kin auna su kin ce ba su kai ba. Su likitoci sun ce sai wanda ya leƙa kabari ake ba abinci. Ni na kafa doka? Ya dai tsaya inda yake har a yanke gero."

Na kai maganar ga malamar asibiti. Ta ce a riƙa dawo da ledojin da aka shanye kafin a ba da sababbi. Gwaggo ta koma matse madarar cikin kwano tana sayar wa maƙwabta cokali-cokali, ledoji kuma suna komawa cif. Malamar ta ce abin da ya rage shi ne a cire gidan daga jerin masu karɓa gaba ɗaya, to in an cire, wa aka hora? Na roƙi a bar uwar ta riƙa kawo shi gidana da rana in ba shi da hannuna. Gwaggo ta ce mai takaba ba ta yawon gidaje, asibitin ma yanzu ita ke raka ta.

Damina ta yi nisa, zawo ya kama yaron. Na zo na tarar ƙafafunsa sun kumbura, na danna yatsa, ramin ya zauna. Gwaggo ta ce ai ga shi nan yana ƙiba. Na ce kwamaso ne, kumburin yunwa, yau za a kwantar da shi. Ta ce a bari sai jibi a karɓi na makon tukuna, don in an kwantar da yaro ba a ba da na gida. Ban ƙara sauraronta ba. Na tare ɗan kabu-kabu mai babur, na ɗora uwar da ɗan, na bi su a ƙafa. Aka sa masa roba ta hanci, a gado ɗaya da wani yaro, don wurin ya cika. Bai kai jibin ba.

Ranar sadakar uku, mata suna zaune a tabarma, Gwaggo ta yafito ni bayan kangon. Tana riƙe da hannun wata jikarta, ɗiyar babban ɗanta, 'yar shekara uku.

"Kin taho da igiyar?"

Tana cikin jakata. Na ɗaura. Ruwan ɗorawa, dab da ja.

"Ba ta kai ba, Gwaggo."

Ta juya damtsen yarinyar tana dubawa, kamar mai tayin akuya. "To ki dawo wani sati."

Na ce ta ba ni yarinyar in riƙe, ko a kan tabarmata ne ma kwana. Ta ce ba ta ba da jikokinta riƙo. Mahaifina ya rasu, ba wani babba a dangi da zai tsawata mata, mai unguwa kuma ya ce ba ya shiga tsakanin kaka da jika a wannan zamani. Kafin wata ya ƙare yarinyar ta faɗa ja, na tura su asibiti, don ba ni da abin da zan yi ban da haka.

Surukar ta gama takaba, ta hau mota zuwa wajen danginta a ƙasar Zurmi, ba ta yi sallama da kowa ba. Ba mu sake haɗuwa ba.

Yarinyar ta rayu. Gwaggo ta koyi gwargwadon abin da za ta hana ba tare da ƙafa ta kumbura ba, gidan kuma ya kai kaka. Yanzu yarinyar tana firamare, duk ajinsu ba wanda bai fi ta tsawo ba, malaminsu ya ce ba ta riƙe karatu. Gwaggo tana nan da ranta a kangon, an ma yi masa ƙofa. Nakan je gaishe ta da salla.