Mai injin niƙa ta tayar da motar Kawu

Muna hawan tudu kafin Zangon Kataf, motar Kawu ta yi tari sau biyu ta mutu. Mai dizal ce, mai jan taya huɗu, wadda yake rantsuwa ba ta taɓa ba shi kunya ba. Ga kayan gaisuwar aurena a baya, dattawan gidan su Asabe, wadda nake nema, kuma sun ce ƙarfe biyu za su tashi.

Ina ta murɗa ki ɗin motar ina gumi, sai wata mama ta fito daga rumfar injin niƙa, gari har gira.

"Yarona, ka bar mai ya yi ƙasa ko? Injin ya sha iska ne. Buɗe bonet."

Kawu ya ce, "Mama, wannan fa ba injin niƙa ba ne."

"Baba, duk dizal suke sha."

Ta juye mana galan ɗaya na dizal, ta sassauta wani noti, ta yi ta danna famfon filta har kumfa ta ƙare. Ki ɗaya, mota ta tashi.

Mun isa muna warin dizal, kuma an ba ni Asabe. Har yanzu dariya nake, Kawu kuwa ya hana a tayar da zancen.

Ku fa, wa ya taɓa cetonku a hanya?