Gogo Zulaihatu, Mai Karɓa Mini Gaisuwa

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, 14 ga Maris, 1972, da hantsi, Allah ya karɓi ran Gogo Zulaihatu, ƙanwar mahaifina, a gidanta da ke Bako cikin Yola, bayan 'yar gajeriyar jinya.

Gogo, mutane za su faɗi kyautarki da azuminki. Ni abin da na sani zan faɗa, ko da wasu ba za su ji daɗinsa ba.

A shekarar da aka gama yaƙin basasa motar gyaɗa ta buge ni a kan keke, ina dawowa daga makarantar da nake koyarwa a Jimeta. Likita ya ɗinke kan, ya ce na tsira. Amma da aka mai da ni ɗakina a Rumde, sai na tarar duniya ta yi mini yawa. Hasken rana yakan soke mini ido. Ruwan sama a kan kwano yakan sa in cusa kai cikin bargo ina kuka, ni da nake tsawata wa aji guda. Sunaye suka zube mini, har na ɗalibaina.

Abin da ya fi azabtar da ni kuwa masu dubiya ne. Su cika ɗaki, kowa da tasa doguwar gaisuwar, ya jiki, ya kwana, ya ƙarfin jiki, muryoyin su haɗu su zama guda a kaina. Don Allah suka zo, wa zai kore su? Kunya ta hana ni magana, sai in yi ta gumi ina cewa da sauƙi.

Ke kaɗai kika dube ni kika gane halin da nake ciki. Kika ɗauke ni zuwa Bako, kika sa ni a ɗakin ciyawa na bayan gida, kika rataya asabari a ƙofa. Turmi ma kika kai shi maƙwabta don kada ƙarar daka ta dame ni. Sannan kika shimfiɗa tabarma a zaure da abin kaɗinki, duk wanda ya zo duba ni ki tare shi ki ce: "Kan Bobboyi bai warke ba. Ka bar gaisuwan a nan, ni zan kai masa." Hedimastanmu, Malam Jalo, ya zo da tawagarsa, shi ma a zaure ya tsaya.

Na san abin da wannan ya jawo miki. Aka ce tsohuwa ta ɓoye mahaukaci. Aka ce ba ki da kara, ke da ba a taɓa jin muryarki a waje ba. Dangin da kika yi wa wankan jego suka daina aiko miki da goron suna. Ba ki taɓa faɗa mini ba, daga baya na ji, kuma har yau abin yana ƙona mini rai.

Gaisuwar kuwa ba ki taɓa zubar da ko ɗaya ba. Bayan la'asar kikan shigo a hankali ki ce, "Hayatu ya gaishe ka. Wane ne Hayatu?" In yi ta lalube a kaina. Ba kya gaggawa, ba kya taya ni. In na ce mai gyaran keke na bakin kasuwa, sai ki ce, "To, ka amsa masa." In amsa wa bango. Da haka mutane suka dawo mini ɗaya bayan ɗaya, har na iya zama da mutum biyu, har na iya zuwa masallaci da asuba. Aji ne dai ban koma ba, kuma ban sani ba ko zan koma.

Da aka dawo daga maƙabarta, aka zaunar da ni a zauren nan naki don karɓar gaisuwa. Jama'a suka cika shi, har da waɗanda suka zage ki. Muryoyin suka fara haɗuwa, kaina ya ɗauki zafi, na waiga bakin ƙofa ina neman ki. Tabarmar tana nan a naɗe. Na riƙe gwiwata, na amsa wa kowa da sunansa kamar yadda kika koya mini, ban tashi ba sai da zauren ya watse. Na kwana biyu a kwance bayan haka.

Gaisuwar taki ce, Gogo, tana wurina, kuma ba ni da hanyar kai miki sai addu'a.

Ina yi wa ɗanki Hamajoɗa da 'yarki Sakinatu da jikoki ta'aziyya. Allah ya ba mu haƙuri. Allah ya jiƙan ki, ya gafarta miki, ya yalwata kabarinki, ya sanya miki natsuwa a cikinsa irin wadda kika tsare mini. Amin.